Lissafin Wata: Ƙwallon ƴan makaranta, wa ke biya, wa ke ci?

A wannan fili mun saba yin lissafin taki da iri da kuɗin allurar dabbobi. Wannan wata lissafin ƙwallo za mu yi. Kada wani ya ce wannan zancen yara ne. Yara ke bugawa, amma aljihun manya ke ramewa. Daga Madarunfa zuwa Jiratawa, daga Safo zuwa Gabi da Ɗan Isa, babu garin da ba shi da fili da sanduna a kafe. Da an buɗe lakwal, hatsi ya shiga rumbu, sai a fara aiko yara gida: a ba da na riga, a ba da na mota, kwalejinmu za ta je wasa. Uba ya ba da, bai tambayi kome ba. To, mu yau za mu tambaya.

Kafin mu duba namu, bari mu leƙa ƙasar da wannan sha'ani ya fi ƙasaita, wato Amurka. A nan kwaleji makaranta ce da yaro ke shiga bayan firamare. A can, in sun ce kwaleji, jami'a suke nufi. Ƙwallon nasu ma daban yake. Kamanninsa kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga, ƴan wasa kuma suna sa hular kwano don suna karo kamar raguna. Tun 1869 jami'o'insu suka fara karawa da juna.

Sai mu yi hattara da kalmar dala. Dalarmu tamma 5 ce. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka. Don sauƙin lissafi mu ɗauke ta tamma 600, wato dala 120 irin tamu. Ku tuna kuma, jika 1000 ita ce miliyan ɗaya, miliyan 1000 kuma ita ce miliyar ɗaya.

Jami'ar Mishigan tana da filin wasa mai cin mutum sama da 107,000. Babban filinmu na Yamai, mai sunan Janar Seyni Kunce, mutum 35,000 yake ci. Ke nan filin makaranta ɗaya ya ninka na ƙasarmu sau uku. Duk wanda ya shiga da tikiti ya shiga. Amma kuɗin ƙofa ba su ne manya ba. Manyan kuɗi daga gidajen talbijin suke fitowa. A 2022 wata ƙungiyar jami'o'i mai suna Big Ten ta sayar wa gidajen talbijin uku izinin nuna wasanninta na shekara 7, a kan dalar Amurka wajen miliyar 7. Kowace shekara miliyar ɗaya ke nan, wato sefa miliyar 600. Su kuma gidajen talbijin a wurin ƴan talla suke mai da kuɗinsu. Ƴan talla kuma a kan mai sayen kaya suke ɗorawa. Kun ga inda igiyar ta ƙare.

Ina kuɗin ke tafiya? Kaso mai tsoka yana tafiya ga mai horar da ƴan wasa. A jihohi da yawa na Amurka, babu ma'aikacin gwamnati da ya kai shi albashi, har da gwamna, har da shugaban jami'ar da ta ɗauke shi aiki. A 2023 jami'ar Texas A&M ta sallami mai horar da ƴan wasanta, Jimbo Fisher, don ba ya cin wasa yadda ake so. Amma akwai takardar yarjejeniya tsakaninsu. Dole jami'a ta biya shi sama da dala miliyan 75, wato sefa miliyar 45, don ya bar aikin. Mu nan in ɗan ƙodago bai iya noma ba, na yininsa ake ba shi ya tafi.

Mai karatu zai ce, ai masu irin waɗannan kuɗi riba suke ci. Ga abin mamaki. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, mai suna NCAA, ta yi lissafin shekarar 2019. Cikin manyan jami'o'i 130, guda 25 kaɗai ne wasanni suka kawo musu fiye da abin da suka kashe. Sauran 105 faɗuwa suka yi. Dalili shi ne kowa na son ya kamo na gabansa. Wannan ta gina sabon fili, waccan ma sai ta ci bashi ta gina. Wannan ta ƙara wa mai horarwa albashi, waccan ma haka. Kamar gasar kayan ɗaki ce a lokacin aure. Mai rumbu goma ya yi, mai rumbu ɗaya ya ce shi ma sai ya yi.

Wa ke cike ramin? Asusun makaranta, da ɗalibai. Jami'o'i da yawa suna ɗora wa kowane ɗalibi kuɗin wasanni a kan kuɗin karatunsa, ko yana wasa ko ba ya yi, ko yana zuwa kallo ko ba ya zuwa. Ku riƙe wannan magana, za mu same ta a gida.

Akwai jami'ar da ta taɓa cewa ta gaji. A ƙarshen 2014 jami'ar Alabama ta garin Bamingam ta rufe ƙungiyar ƙwallonta, ta ce kuɗin sun fi ƙarfinta. Gari ya ɗauki zafi. Attajirai da tsofaffin ɗalibai suka yi alkawarin taimako, aka janye maganar a 2015, ƙungiya ta koma fili a 2017. A ganina wannan ita ce hanya mai kyau. Wanda ke son ƙungiya ya fito fili ya sa hannu a aljihunsa.

Su kuma yaran da ke karo da kawunansu, shekara da shekaru doka ta hana a biya su. An ce su ɗalibai ne, karatu kyauta da abinci da wurin kwana sun ishe su. Sai a 2021 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a kan NCAA, kuma a wannan shekara aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa. A watan Yuni na 2025 wata kotu ta amince da sulhu: za a biya tsofaffin ƴan wasa wajen dala miliyar 2.8 cikin shekara 10, kuma kowace jami'a tana iya raba wa ƴan wasanta har dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Duk da haka, cikin ƴan wasa 100 na jami'a, waɗanda ke samun shiga babbar gasar ƙwararru ba su kai 2 ba. Sauran, wanda ya yi karatu ya fita da takarda. Wanda bai yi ba ya fita da ciwon gwiwa.

To, mu dawo gida. Muna da jami'a a Maraɗi tun 2010, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ɗalibanta na buga ƙwallo kamar kowa. Amma a ƙasarmu ƙwallo bai zama kasuwar jami'a ba. Wanda ke riƙe da manyan ƙungiyoyi shi ne mai albashin biya. Ku dubi sunayen waɗanda suka ci kofin ƙasa a ƴan shekarun nan. SONIDEP, kamfanin mai, ta ci a 2018 da 2019. Ƙungiyar jandarma ta ci a 2021. NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, ta ci a 2022. Ƙungiyar gardi ta ci a 2023. Kafin su akwai ta soja, da ta ƴan sanda, da ta duwan. Duk a Yamai suke, kuma duk suna da uwa mai shayar da su. Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin ƙasa a 1983, tsofaffi suna tunawa. Ba ƙafa ce ta ƙare a Maraɗi ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Ƙungiyar da za ta je wasa sai ta biya mota, ta biya masauki, ta ciyar da mutum ashirin ko fiye, ta dawo, mako biyu kuma ta kama hanyar Arlit. Kuɗin ƙofa ba sa ɗaukar wannan kaya.

Maƙwabtanmu ma haka ne. Kano Pillars, wadda ta ci kofin Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gwamnatin jihar Kano ce. Katsina United ta gwamnatin Katsina ce. Kuɗin gwamnati kuwa kuɗin talaka ne, na haraji da na kasuwa. Ko ba ka taɓa shiga filin wasa ba, da kai aka biya.

Ba cewa muke wannan asara ce ba. A watan Fabrairu na 2019 ƙasarmu ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, aka yi wasanni a Yamai da Maraɗi, Mali ta ɗauki kofi. Saboda wannan gasa aka gyara filin Maraɗi, mutanen karkara da yawa suka ga babban wasa da idonsu. Kokawa ma, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, hukuma da kamfanoni da masu hali ke ɗaukar nauyinta, kuma babu mai cewa a daina. Abin da muke so kawai shi ne a san wanda ya biya, a san abin da aka yi da kuɗin.

Yanzu ga lissafin da ya shafe mu kai tsaye. Ku ɗauko alli ko ku share ƙasa. Farashin da za mu sa misali ne, kowa ya cire ya sa na kasuwarsu.

A ce kwaleji ta zaɓi yara 18. A ce riga da wando jika 3. Sau 18, jika 54 ke nan. A ce ƙwallo biyu, kowane jika 10, jika 20 ke nan. A ce za su fita wasa sau uku a shekara, mutum 20 har da malamai biyu, kuɗin mota zuwa da dawowa jika 2 kowane mutum. Tafiya ɗaya jika 40, tafiya uku jika 120. A ce abincin rana dala 100 kowane mutum. Tafiya ɗaya jika 10, uku jika 30. Mu haɗa: 54 da 20 da 120 da 30. Jika 224.

Ku dubi lissafin da kyau. Mota kaɗai ta cinye fiye da rabi. Ciwon da ke damun Jangorzo shi ke damun kwalejin ƙauye. Saboda haka in ana son rage kuɗi, a nan za a fara. Makarantun da ke kusa da juna su fara karawa tsakaninsu, inda amalanke ko ƙafa za ta kai yara. Wanda ya yi fice shi kaɗai zai hau mota zuwa Madarunfa ko Maraɗi. Riguna kuma na makaranta ne. In an gama wasa a wanke a ajiye a ofishin darakta, su yi shekara uku. Inda aka bar kowane yaro ya tafi da tasa gida, baɗi sai an sake saye.

A ce kuma makarantar tana da ɗalibai 400, aka raba jika 224 a kansu. Kowane zai kawo tamma 560, wato dala 112. Ba yawa ba ne ga mai yaro ɗaya. Ga mai yara huɗu a makaranta, a shekarar da damina ta yi gardama, tiyoyin hatsi ne zai fitar daga bakin iyalinsa. Kuma ga abin da muka gani a Amurka ya iso gida: 400 sun biya, 18 sun buga. A cikin 400 ɗin nan akwai ƴan mata. Iyayensu sun biya. Shin an saya musu ko da ƙwallo ɗaya? In ba a saya ba, da wane dalili aka karɓi kuɗinsu?

Lissafin nan bai taɓa abu ɗaya ba, kuma shi ne mafi nauyi. Yaro ya karye a fili. Wa zai kai shi likita? Wa zai biya hoto da magani? In aka kai shi ga maɗori, wa zai sallami maɗori? Galibi sai abin ya faru ake fara kallon juna, ƙarshe uba ya ja akuya zuwa kasuwa. Yaron da ya karye ana gab da damina kuma, gida ya rasa hannu ɗaya a gona. Wannan magana tun kafin a buga wasan farko ya kamata a yanke ta, a ware wani abu daga kuɗin karo-karo a ajiye dominta.

Wurin yanke ta yana nan. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da COGES, kuma iyaye na ciki. Kwamitin yana da ma'aji, yana da littafi. Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Ku je taro. Ku ce a karanta muku nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage. Ku nemi takardar shaidar saye. Malami mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, sauke masa kaya ma take yi. Malamai da yawa daga albashinsu suke cika kuɗin mota, ba wanda ya sani, don babu mai duba littafi.

Akwai kuɗi na gaskiya a ƙwallon makarantu, amma ta ƙofar takarda ake shiga. A 2022 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta buɗe gasar makarantu ta maza da ta mata ƴan ƙasa da shekara 15. Gidauniyar shugabanta, Patrice Motsepe na Afirka ta Kudu, ta ba da dalar Amurka miliyan 10. A wasan ƙarshe na farko, a Durban cikin 2023, wata makaranta daga Gine ta ci na maza, wata daga Tanzaniya ta ci na mata. Kowace ta samu dala 300,000, wajen sefa miliyan 180. Sharaɗin shi ne kuɗin aikin makaranta za su yi, kamar ajujuwa da ɗakin karatu. Wannan tsari ya fi na Amurka hankali. Amma yaron da ba shi cikin rajistar makaranta, ko ba shi da takardar haihuwa, ba zai shiga irin wannan gasa ba ko da ya fi kowa ƙafa. Mai ɗa ya je gidan magajin gari ya nema masa takarda tun yanzu. Kuma a rubuta shekarunsa na gaskiya. Yau ana duba ƙashin hannun yaro da na'ura a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, ana kore ƙungiya ɗungum saboda ƙaryar shekaru.

Saura maganar da ta fi cin dukiyar mutane. Kowane yaro ya ji labarin Musa Ma'azu, wanda ya tashi daga ƙungiyar soja ta Yamai ya tafi Beljik a 2008, daga nan ƙungiyar CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Ya ji na Ahmed Musa, wanda ya bar Kano Pillars a 2010, har ƙungiyar Lesta ta Ingila ta saye shi a 2016 a kan fam sama da miliyan 16. Labaran gaskiya ne. Da su kuma ƴan damfara ke farauta. Mutum zai zo da kyakkyawar riga da waya mai hotuna. Zai ce ya ga ƙafar ɗanka, akwai ƙungiya a Turai ko ƙasar Larabawa da ke jiransa, ka kawo na fasfo da biza da jirgi. Uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gonar fadama. Wani yaron a Yamai ake yada shi, wani a Kotonu, wani a ƙasar da bai san kowa ba, kunya ta hana shi dawowa.

Ga abin da dokar FIFA, hukumar ƙwallon duniya, ta ce. Ba a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don wasa, sai da ƴan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Ke nan mai cewa zai kai ɗanka ɗan shekara 15 Turai, ko dai ƙarya yake yi, ko dokar zai taka. Dillalin ƴan wasa na gaskiya yana da lasisi, kuma ana iya tambayar sunansa a hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT, ko a reshenta na Maraɗi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke aiko da takardar gayyata, ita ke ɗaukar nauyin tafiya. A kasuwar Ɗan Isa, wanda ke son sanka shi ke ƙirgo maka kuɗi. In ka ga mai saye na neman ka biya shi, ka riƙe igiyarka.

Dokar tana da wani sashe da mutanenmu ba su cika sani ba. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce an saye shi sefa miliyar ɗaya. Miliyan 50 ke nan za a raba, kowace ƙungiya gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. Amma da littafin rajista ake rabon. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukuma ba, ba ta yanka wa yaranta lasisi ba, ba ta da suna a ciki, ko da ita ta saya masa takalminsa na farko. Shugabannin samari na Gabi da Safo da Sarkin Yamma, in kuna da ƙungiyar da ta daɗe tana wasa, ku tura mutum biyu masu karatu zuwa reshen hukuma a Maraɗi. Su tambayo sharuɗɗan rajista da kuɗin lasisin kowane yaro, su rubuto a takarda, a karanta a gaban iyaye kafin a karɓi ko dala ɗaya.